Kujerar Kikue ta Ranar Alhamis

Duk wanda ya san Otomo Kikue a unguwarsu da ke garin Morioka, da murya ya fara saninta. 'Yar mai awara ce, a bayan shago aka haife ta, kuma tun tana 'yar shekara bakwai take hawa kan akwati tana karanta wa mahaifinta jarida, shi kuwa hannuwansa na cikin ruwan sanyi suna yankan awara. Uwarta ta sha cewa yarinyar nan in ta rasa abin karantawa sai ta karanta bayan kwalbar magani, kuma ba sharri ta yi mata ba.

Da ta gama makaranta ta shiga wata ƙaramar maɗaba'a, aka ba ta aikin da ya dace da bakinta. Kafin a buga littafi, mutum biyu ke zama suna fuskantar juna, ɗaya na karantawa da ƙarfi, ɗaya na bi da jan alƙalami yana farautar kuskure. Kikue ce mai karatu. Mai jan alƙalamin wani shiru-shiru ne da ake kira Noboru, wanda shekara biyu cur bai taɓa ce mata komai ba sai "dakata" da "ci gaba". A shekara ta uku ya ce "dakata", ta dakata tana jiran ya nuna mata kuskure, sai ya sunkuyar da kai ya ce aurenta yake so. Ta dube shi sama da ƙasa, ta ce masa ya ci gaba.

Shekara talatin da ɗaya suka yi a teburin nan, suka haifi 'yarsu Fumika, suka aurar da ita. Sannan Noboru ya rasu, maɗaba'ar ma ba ta daɗe ba ta rufe. Kikue ta gwada karatu a zuci irin na sauran mutane, ta ji abin ba gishiri. Ita karatu in babu kunnen da ke karɓa, asarar yawu ce. Shi ya sa ta tafi ɗakin karatu na gari, inda akwai wani ɗan ɗaki mai kujera biyu da tebur ɗaya, wanda aka ware don masu ido su karanta wa marasa shi.

Aka haɗa ta da Shibasaki Genzo, mai tausa, wanda ya makance tun yana ɗan shekara tara. Tsoho ne mai baƙar magana, ya riga ya kori masu karatu huɗu. Ya ce ɗaya tana karatu kamar mai sanar da tashin jirgin ƙasa, wani kuma numfashinsa ya fi muryarsa ƙarfi. Ranar farko da Kikue ta gama shafi, tsohon ya ce, "Ba laifi." Ma'aikatan wurin suka ce ba su taɓa jin ya yabi mutum haka ba. Daga nan kowace Alhamis, ƙarfe biyu na rana, kujerar da ke kusa da taga ta zama tata, har shekara goma sha huɗu.

Aibi ɗaya ya samo mata, kuma bai taɓa barinta ta manta ba.

"Kikue-san, idonki yana gaban bakinki da taku uku," in ji shi. "Kafin ki ce mutumin ya mutu, na riga na ji muryarki ta sa baƙaƙen kaya. Ke ba kya iya ɓoye min komai."

"To ka karanta da kanka mana," sai ta ce.

"Da zan iya, ai da na huta da bakinki."

Haka suke, kuma kowannensu ba abin da yake jira a mako kamar wannan faɗan.

A watan sha ɗaya suna cikin kundi na uku na wani dogon labari, na wani mai jirgin ruwa da ke safarar busasshen kifi. Saura shafi arba'in a gama, guguwa ta ritsa jirgin a tsakiyar teku, lokaci ya cika. Kikue ta ɗiga fensir inda suka tsaya, suka rabu sai mako mai zuwa. Ranar Litinin da safe tana wanke shinkafa, sai rabin kicin ɗin ya ɓace. Tukunyar da ke damanta babu ita, taga babu ita. Ba duhu ta gani ba, kawai babu.

A asibiti aka ce jini ne ya toshe wata 'yar jijiya a bayan ƙwaƙwalwarta. Hannu lafiya, ƙafa lafiya, harshe kuwa ma'aikatan jinya sun shaida lafiyarsa lau. Sai dai duk abin da ta kalla, da ido ɗaya ko da biyu, gefen damansa ya tafi, kuma likita bai yi mata alkawarin dawowarsa ba.

Kwana uku bayan haka aka miƙo mata takardar bayanin magani. Takardun asibiti duk a kwance ake rubuta su, daga hagu zuwa dama, ba a tsaye daga sama zuwa ƙasa kamar littattafan ƙasarsu ba. Ta karanta kalmar farko. Ta nemi ta biyu, ido ya rasa inda zai sa ƙafa. Ta koma farko, ta sake, ta kuma sakewa, layi ɗaya ya cinye mata kusan minti biyu. Matar da ta yi shekara sittin ana saurarenta, ga ta tana in'ina a kan "a sha bayan cin abinci". Ta kifa takardar, ta yi kuka, kuma kukan haushi ne.

Ranar da aka sallame ta, kafin ta cire takalmi ta sa Fumika ta kwashe duk littattafan gidan ta zuba a kwali, ta ɗaure. Ba ta yarda ta buɗe ko ɗaya ba. Tsoro take ji, gaskiyar magana ke nan: takardar magani ta ƙi ta, ta daure, amma in littafi ya ƙi ta ba ta san inda za ta sa kanta ba. Fumika kuwa, baiwar Allah, ta zauna a gaban kwamfuta ta riƙa buga mata 'yan labarai da manya-manyan haruffa, su ma a kwance. Akwai taimakon da ya fi duka ciwo. Harafi ɗaya ya cika mata ido, na biyun ya faɗa inda ba ta gani, abin ya fi na asibiti muni. Sau biyu ana ba ta ranar ganin mai horar da ido, sau biyu tana cewa sanyi ya yi yawa.

A farkon watan uku Hoshikawa, matar da ke tsara masu karatu, ta bugo waya. Ta daɗe tana gaisuwa da ban haƙuri kafin ta zo ga magana. Sabon jadawali zai fara a watan huɗu, kamar kowace shekara. Sun riƙe mata kujerarta wata huɗu, ba za su iya wuce Alhamis ta ƙarshen wata ba. In ta zo ranar ta yi karatu, shi ke nan. In ba haka ba, akwai wani tsohon malamin makaranta da ke jira.

"Shibasaki-san ya ba ni saƙo," in ji Hoshikawa. "Ya hana kowa taɓa kundi na ukun, jarida kawai yake bari a karanta masa. Wai in gaya miki jirgin nan wata huɗu yana tsakiyar teku, mutanen ciki sun fara cin igiya."

Kikue ta yi dariya, ta ajiye wayar, dariyar ta koma wani abu dabam.

Ana saura kwana takwas Alhamis ɗin ta cika, sai ranar ziyarar kaburbura ta bazara ta zo. Suka tafi ita da Fumika da bokitin ruwa da furanni da curin shinkafa mai zaƙin wake, irin wanda Noboru ke so. Kikue ta zuba ruwa a kan dutsen kabarin Noboru, ta goge shi, ta ba mijinta labarin gida a taƙaice. Tana miƙewa idonta ya sauka a kan dutsen maƙwabta, wanda ake sassaƙa sunayen mamatan gida a jere daga sama zuwa ƙasa.

"Kai!" ta ce. "Ashe tsohuwar gidan Kumagai ta bi mijinta? Sha biyu ga watan ɗaya, shekara casa'in da uku. Mutanen nan ba su da kirki, ko a aiko min!"

Fumika ta tsaya da furanni a hannu. "Mama, wa ya gaya miki?"

"Wa zai gaya min? Ga shi nan a rubu..."

Ba ta ƙarasa ba. Ta dubi 'yarta, ta dubi dutsen. Ta sake karantawa daga sama har ƙasa, a hankali, da ƙarfi. Ta matsa layin da ke hagu, mijin ne, shekara tamanin da ɗaya. Ta ƙara matsawa, kakansu ne. Ludayin ruwa ya faɗi daga hannunta.

Abin da ya biyo baya, mai kula da maƙabartar har yau yana ba da labarinsa. Tsohuwa 'yar shekara saba'in da ɗaya ta riƙa bin kaburburan mutane ɗaya bayan ɗaya, kusan da gudu, tana kiran sunayen mamata da shekarunsu kamar mai kiran suna a aji. Fumika na biye da ita tana rusuna wa jama'a tana ba da haƙuri.

"Mama, don Allah! Ana kallonmu!"

"Su kalla! Wannan ma na karanta shi! Fumika, zo ki ga, wannan shekara ɗari da biyu ya yi!"

A hanyar gida ba ta bar tuta ɗaya ba cikin dogayen tutocin da masu shaguna ke kafawa a bakin titi, masu rubutu a tsaye. Taliya mai zafi. Gyaran keke. Rangwamen takalma. Mai sayar da kifi ya ɗauka ciniki ne ya fito da sauri, ta karanta masa tutarsa ta wuce. Daɗi ya cika ta har ba ta san tana hawaye ba.

Washegari ita ce ta farko a ƙofar mai horar da ido, matar da ta yi wa yawo da hankali sau biyu. Sunanta Tsuruta, kuma ba ta nuna ta tuna ba. Ta sa Kikue ta ɗora haɓa a kan wani ƙarfe, ta kunna na'ura mai bin ƙwayar ido, ta ba ta rubutu a kwance, sannan ta ba ta a tsaye. Da aka gama ta juyo mata da allon. Wani jan ɗigo ne ke yawo a kan rubutun, yana nuna duk inda idonta ya sauka.

A kan na kwance ɗigon abin tausayi ne, ya yi gaba kaɗan, ya dawo, ya tsaya yana rawa. A kan na tsaye kuwa sai ga shi yana gangarowa ɗas, ɗas, ɗas.

"Kin gani, Otomo-san? Ido ba ya tafiya sumul, tsalle yake yi," in ji Tsuruta. "Rubutunmu babu fili tsakanin kalma da kalma, don haka kafin ya yi tsalle sai ya leƙa gaba ta gefe, ya hango haruffa masu nauyin nan, masu zane da yawa, ya dira a kansu, ƙananan kuma ya kwashe su a hanya. Kamar mai tsallaka rafi a kan duwatsu. In rubutu na kwance, gabanki dama ne, ba kya hango dutse na gaba. In yana tsaye, gabanki ƙasa ne, layi na gaba kuma yana hagu. Duk a gefenki mai lafiya."

"Wato wata huɗu littattafaina na cikin kwali suna jirana, ni kuma ina fama da takardar magani?"

"Kusan haka. Abu ɗaya za ki koya. Kada ki kalli layin tsakar ka, ki ajiye ido ɗan dama da shi, don harafin ya faɗo gaba ɗayansa inda kike gani."

"In harari littafin ke nan?"

Tsuruta ta ƙyalƙyale da dariya. "Ki harare shi."

"Shekara saba'in ina hararar mutane, ashe horo nake yi!"

Ta zari jakarta. Tsuruta ta biyo ta tana cewa akwai sauran magana game da juya shafi, ta dawo mako mai zuwa. Kikue ta ce to, to, tana gaba tana ɗaga hannu. Ko kalma ɗaya ba ta shiga kunnenta ba.

Kwana shida gidan bai huta ba. Aka kwance kwalaye, littattafai suka cika tabarma. Ta karanta wa Fumika, ta karanta wa hoton Noboru, ta karanta wa mai kawo saƙo da ya yi kuskuren tsayawa a ƙofa. Sai dai littattafan da ta ɗauko duk waɗanda suka duba ne ita da mijinta, ta san su kamar tafin hannunta. Inda ido ya tsallake, baki ya cike, ba ta ma lura ba.

Ranar Alhamis ta isa tun ƙarfe ɗaya da rabi, amma Shibasaki ya riga ta. Yana zaune, sandarsa a jingine, kundi na uku a gabansa.

"Na ji takunki," ya ce. "Kin yi ƙiba."

"Kai kuma ka ƙara muni, ka gode ba ka gani."

Hoshikawa ta shigo da jadawali ta zauna a lungu, tana cewa su yi kamar ba ta nan. Kikue ta buɗe littafin. Ɗigon fensirinta na nan a tsakiyar shafin hagu. Ta ajiye ido ɗan dama da layin, ta ja numfashi, ta fara. Muryar ta fito da rawa, sannan ta zauna. Igiyar ruwa ta daki jirgi, mai jirgi ya ɗaure kansa a jikin itacen tsakiya. Ba ta da saurin da, amma ba ta yi tuntuɓe ba, layi bayan layi har ƙarshen shafi. Ta juya shafi, ta ci gaba.

"Dakata."

Shekara goma sha biyar rabon da wani ya ce mata haka. Ta daskare.

"Yanzun nan na bar mutumin ɗaure cikin guguwa," in ji Shibasaki. "Yaya aka yi yake shan shayi a gidan surukinsa? Iyo ya yi?"

Kikue ta dubi littafin. A ganinta daga farko ta fara. Ta juya kai kaɗan, sai ga wani shafi guda cur ya fito daga inda babu komai. Sabon shafi daga can ƙarshen dama yake farawa, gefen da ya mutu mata. Idonta ya iske ninkin tsakiyar littafi, ya ɗauka nan ne bakin takarda, ya tsallake shafi ɗaya sukutum. Abin da Tsuruta ke bin ta da shi ke nan.

Ta sake gwadawa, ta sauka a tsakiyar shafin, a tsakiyar magana. Ta kuma gwadawa, ta rasa ma inda take. Daga lungu ta ji Hoshikawa ta buɗe marfin alƙalami. Kunya ta rufe ta. Mai karanta wa makaho amana yake riƙe, abin da ya tsallake ya tafi ke nan, mai saurare ba shi da hanyar dubawa. Ta rufe littafin a hankali.

"Hoshikawa-san, ki ba malamin makarantar nan," ta ce. "Yau ya kama ni, gobe ba lalle ya kama ba."

"Kawo hannunki," in ji Shibasaki.

"Me za ka yi da shi?"

"Tausa zan yi miki. Kawo, na ce!"

An ce in makaho ya ce a yi wasan jifa, dutse ya taka. Ta miƙa masa hannun dama. Ya buɗe littafin da ɗaya hannun, ya kama manuniyarta, ya ɗora ta a ƙasan takarda, ya ja ta dama har ta ji kaifin bakin littafin, sannan ya haura da ita har kusurwar sama.

"Ke wata huɗu kika yi kina koke-koke, ni shekara sittin da takwas ina neman bakin abubuwa. Bakin tebur, bakin gado, bakin titi. Ido yana ƙarya, yatsa ba ya yi. Kada ki nemi shafi, ki nemi farcenki. Juya kai. Ƙara. Kin gan shi?"

Ta juya, ta ƙara juyawa, har wuyanta ya yi ƙara. Sai ga farcenta, gajere, mai ɗan tsagu a gefe. A ƙarƙashinsa kuwa harafin farko na layin farko yana zaune abinsa.

"Na gan shi," ta ce. "Na gan shi! Ga shi nan, ɗan banza!"

Ta karanta shafin da ya ɓace. Itacen jirgi ya karye, aka zubar da kaya a teku, gari ya waye. Ta zo ƙarshe, ta juya, ta kai yatsa kusurwa, ta nemi farce, ta sauka daidai. Ta sake juyawa, ta sake sauka daidai. A juyi na biyar ta daina jin tsoro, a na shida ta manta da Hoshikawa, wadda ta rubuta abin da za ta rubuta ta fita a kan yatsun ƙafa. Sunan da ta rubuta a gurbin kujerar Alhamis kuwa ba sabo ba ne.

Saura shafi uku, ƙanen mai jirgin, wanda kowa ya ɗauka ya nutse tun kundi na biyu, ya turo ƙofa ya shigo. Kikue ba ta hango shi ba. Idonta da bakinta tare suka isa wurin, har ta yi 'yar ƙara. Shibasaki ma ya zabura, sandarsa ta faɗi ƙasa.

Tsohon ya laluba aljihu ya fito da hankici, ya daɗe yana goge hanci.

"Shekara goma sha huɗu," ya ce, "yau ne karo na farko da ba ki riga ni ji ba."

Kikue ta tsaya tana kallonsa. Yatsarta na nan a kan takarda.

"To, me kike jira?" in ji shi. "Ci gaba."